Rumbu: tiyar ruwa ita ma sai an daidaita ta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sakabal ya san ba a cinikin hatsi sai an ga tiya. Mai saye yakan ɗauke ta ya juya, ya duba gindinta ko an buga shi ciki, ya duba bakinta ko an rage. Idan ta yi masa, a yi awo; idan ba ta yi ba, ya ƙara gaba. To, a ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, akwai abin da ya fi hatsi wuyar samu da rani, shi ne ruwa. Shi ma yau da awo ake sayar da shi. Sai dai tiyarsa ba kwano ba ce, mai saye ba ya iya juya ta ya ga gindinta.

Ƙasar Rumbu tana wajen kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta soma, kusa da iyakar noma da dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye rijiya ɗaya ke haɗa su, ruwan kuwa yana can nesa cikin ƙasa, sai da jakuna ko raƙumi ake jan guga. Ma'aikatar OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ta gina rijiyoyin siminti masu yawa cikin karkarar Nijar. Tashoshin tura ruwa na farko da aka yi a makiyayar arewacin Tawa kyauta suke shayar da dabbobi, gwamnati ke biyan gazuwal, saboda haka ba wanda ya damu da awo. Wannan zamani ya wuce. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, aka yi dokar ruwa ta 2010, ruwan ƙauye ya dawo hannun magajin gari da mai riƙon kwangila da ƙungiyar masu shan ruwa. Kuɗin da ake karɓa a bakin pampo da su ake gyaran inji, da su ake sayen sabo ran da tsohon ya mutu. Idan awo ya ɓaci, asusu ya ɓaci.

A yawancin rijiyoyin burtsatse, watau foraji, ma'aunin ruwan da ake kira kontar mai lambobi ne, da ido ake karanta shi. Amma inda ake son lissafin ya tafi da kansa zuwa akwatin da ke sarrafa inji, ko ya isa ofis ta hanyar salula, sai a sa kontar mai lantarki. Cikinsa akwai ƴar farfela da ruwa ke juyawa, kowane juyi tana aika bugu ta waya, kamar bugun jijiya a wuyan hannu. Ruwa ya yi gudu, bugu ya yi sauri. Ruwa ya lafa, bugu ya lafa. Yawan bugun da aka yi cikin sakan ɗaya shi ake ƙirgawa da hertz, sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya rasu a 1894.

Matsalar ita ce akwatin inji sau da yawa ba ya jin wannan harshe. Abin da yake ji shi ne ƙarfin wutar da ke bin waya, daga miliyamfa 4 zuwa 20, ana rubuta shi mA. Wannan ƙa'ida ta bazu cikin masana'antun duniya tun wajen shekarun 1950, har yau kuma da ita ake aiki. Don haka ake dasa wata ƴar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, tsakanin kontar da akwati: ta karɓi bugu, ta mayar da shi wuta. Aikin tafinta ke nan, kuma tsofaffin da suka ga zamanin kumandan sun san abin da tafinta ke iya jawo wa mutum.

Wani zai ce, me ya sa aka fara daga 4 ba daga sifiri ba? Akwai hikima. Idan inji na tsaye, na'urar tana aika 4, alamar tana da rai amma ruwa ba ya gudu. Idan aka ga sifiri, to waya ta tsinke ko wuta ta ɗauke. Da haka ake bambanta rijiyar da ke hutawa da wayar da ɓera ya ci.

Daidaita na'urar shi ne a gaya mata abu huɗu: mafi ƙarancin bugun da za ta karɓa da mafi yawansa, sa'an nan wutar da za ta fitar a kan kowane. Ga misali. A ce injin wata rijiya iyakar ƙarfinsa litar 18.000 a awa, watau tano 90, tunda tano litar 200 yake ci. Litar 5 ke nan a kowane sakan. A ce kuma takardar kontar ta nuna yana bugu 20 a kan kowace litar. Ashe idan inji ya kai matuƙa, hertz 100 za a samu. Sai a gaya wa na'ura: bugu sifiri shi ne 4 mA, hertz 100 shi ne 20 mA. A gaya wa akwati kuma: 4 ba ruwa, 20 tano 90 a awa. Tsakiya ta biyo da kanta: hertz 50 ya ba da 12 mA, watau tano 45.

Yanzu a duba abin da kuskure ɗaya ke haifarwa. Idan aka bar iyakar sama a kan hertz 120, inji na zuba tano 90 amma littafi zai rubuta 75. Tano 15 sun ɓace kowace awa, cikin awa 8 tano 120. An sha su, an biya kuɗinsu, amma ba wanda zai tambayi inda kuɗin suka shiga, domin a takarda ba a taɓa jawo wannan ruwa ba. Idan kuwa aka sa iyakar a kan 80, abin ya juya: inji na ba da tano 45, littafi na cewa fiye da 56. Ƙarshen wata sai a zaunar da mai tsaron pampo, sau da yawa mace ce mai ƴaƴa, a ce ta kawo kuɗin ruwan da bai taɓa fitowa daga ƙasa ba. A ƙauye sunan ɓarawo ba ya wankuwa da sauƙi.

Akwai wanda ya fi waɗannan ban haushi. Wasu akwatuna suna iya karanta wuta daga sifiri zuwa 20. Idan mai haɗawa ya manta bai sauya wannan ba, to inji na barci, na'ura na aika 4 ɗinta ta gaskiya, akwati kuwa yana ƙirga tano 18 kowace awa. Daga magariba zuwa wayewar gari, awa 12, an rubuta tano 216 na ruwan da ko aljani bai sha ba. Sai a shiga zargin makiyaya da satar shayarwa da dare, alhali laifin yana cikin akwati a kulle.

Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya dogara da abin da aka rubuta a kwali. Yakan cire wayar kontar, ya haɗa wata na'ura mai yin bugu daidai yadda aka umurce ta, ya sa ma'aunin wuta a ɗaya gefen. Ya fara da ƙasa: ba bugu, ya gyara har ma'auni ya nuna 4. Ya hau sama: hertz 100, ya gyara har ya nuna 20. A tsofaffin na'urori ƴan kusoshi biyu ake murzawa, kuma taɓa ɗaya yakan gusar da ɗayan, don haka sai ya koma ƙasa ya sake dubawa, ya sake hawa, sau biyu ko uku. Sababbi da maɓalli ko kwamfuta ake saita su, amma gwajin bai canza ba. Bayan nan ya gwada tsakiya: 25 ya ba da 8, 50 ya ba da 12, 75 ya ba da 16. Mai gaggawa da ya tsaya a kan iyaka biyu kawai bai gama aiki ba.

Ko an yi wannan duka, tafintan kaɗai aka gyara, ba a tabbatar da mai maganar ba. Rairayin da ruwa ke tasowa da shi yana cinye farfela a hankali, sai bugu 20 na kowace litar ya daina zama 20. Iskar da ta shiga bututu tana juya farfela kamar ruwa. Wayar bugu idan aka shimfiɗa ta jikin wayar inji takan kwashi bugun ƙarya. Injin da ke aiki da hasken rana kuma da sassafe a hankali yake turawa, idan an sa na'ura ta yi watsi da bugu mai rauni fiye da kima, ruwan safe duk ba zai shiga lissafi ba.

A nan ne ƙungiyar masu shan ruwa ke da abin yi, kuma ba ya bukatar wanda ya yi babbar lakwal. Tano ɗaya da agogo sun isa. A karkatar da ruwan inji duka cikin tano, a ƙirga sakan nawa ya ɗauka kafin ya cika. Idan akwati ya ce tano 90 a awa, to tano ya cika cikin sakan 40; idan ya ce 45, sakan 80. A yi sau uku a gaban wakilin ƙaramar hukuma da mai kwangila da wakilin makiyaya. Sakataren da ya yi karatun yaƙi da jahilci ya rubuta ranar, da lambobin nan huɗu, da sunan ma'aikacin da ya taɓa na'urar, sa'an nan a ɗaure murfinta da hatimin darma. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin tafkuna su ƙafe garkuna su dawo kan rijiyoyi.