Tseren NASCAR: Suna na Camry, inji na wani zamani

Wanda ya saba ganin Toyota Camry jere a harabar Sakatariyar Tarayya, idan ya ci karo da tseren Daytona 500 a talabijin, zai ga mota mai wannan suna tana gudun kusan kilomita 300 a awa ɗaya. Amma in aka ɗaga murfin gabanta, ba zai ga abin da ya sani ba. Camry ɗin da ke kan titi tayoyin gaba ne ke janta, injinta kuma ƙarami ne. Ta filin tsere tayoyin baya ne ke turata, da inji mai silinda takwas, mai girman lita 5.8, wanda Toyota ba ta taɓa sayarwa a cikin wata Camry ba.

Ba haka aka fara ba. Lokacin da Bill France ya kafa hukumar NASCAR a garin Daytona Beach a 1948, manufarsa ita ce a yi tsere da motocin da kowa zai iya saye a shagon dillali. Da yawa daga cikin direbobin farko 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne na kudancin Amurka, waɗanda suka ƙware wajen gyara inji don tsere wa 'yan sanda. A tseren farko na wannan rukuni, a Charlotte a 1949, Glenn Dunaway ne ya riga kowa isowa, amma aka ƙwace nasarar saboda an taɓa sifirin bayan motarsa, aka bai wa Jim Roper da ya tuƙa Lincoln.

Kamfanoni ba su daɗe ba suka gane cewa motar da ta ci tsere ranar Lahadi takan samu masu saye ranar Litinin. Hudson, ƙaramin kamfani, ya mamaye gasar daga 1951 zuwa 1953 da motarsa Hornet. Daga nan manya suka shigo da kuɗi da injiniyoyi. A 1964 Chrysler ya kawo injin Hemi mai lita bakwai, Richard Petty ya lashe Daytona 500 da shi a cikin Plymouth. NASCAR ta haramta injin a 1965 bisa hujjar cewa ba a sayar da shi a kasuwa, Chrysler ya ƙaurace wa mafi yawan gasar wannan shekara, sannan a 1966 ya fara sa injin a motocin da ake sayarwa don ya cika sharaɗi.

Wannan sharaɗi, na sai an ƙera adadi kaza an sayar wa jama'a, shi ya haifar da Dodge Charger Daytona da Plymouth Superbird, motoci masu tsinin hanci da dogon fiffike a baya. A 1970 Buddy Baker ya haura mil 200 a awa, wato kimanin kilomita 322, a filin Talladega. Shekara guda bayan haka hukumar ta taƙaita injin irin waɗannan motoci zuwa lita biyar, abin da ya kawo ƙarshensu ba tare da an kira shi haramci ba.

Gudun da ya wuce kima ya sake tayar da hankali a 1987. A Talladega, Bill Elliott ya yi mil 212.8 a awa da Ford Thunderbird a zagayen neman gurbi. A tseren kansa, tayar Bobby Allison ta fashe, motarsa ta tashi sama ta yaga shingen waya da ke kare 'yan kallo, wasu suka ji rauni. Daga 1988 aka tilasta sa wani farantin ƙarfe mai huji huɗu a ƙarƙashin kafireta a filayen Daytona da Talladega, don rage iskar da ke shiga inji. Tun daga lokacin, hukumar ce ke yanke ƙarfin inji, aikin injiniya kuwa shi ne neman ɗan fifiko a cikin iyakar da aka shata masa.

Abin mamaki shi ne yadda injin ya tsaya cik yayin da duniya ke tafiya. Har zuwa ƙarshen 2011 da kafireta ake tsere, shekaru da dama bayan motocin titi sun koma injekta. Har yau sanduna ne ke tura bawul daga cikin inji, tsarin da yawancin motocin zamani suka bari. Shi ya sa da Toyota ya shiga babbar gasar a 2007, sai da reshensa na tsere da ke Kalifoniya ya yi aiki da injin da aka zana musamman don wannan doka. Wasu magoya baya sun yi ta ƙorafin shigowar baƙo daga Japan, duk da cewa a jihar Kentucky ake harhaɗa Camry. Kyle Busch ya ba kamfanin nasararsa ta farko a 2008, da kambin gasa a 2015.

Dodge kuwa ya fita ne da kofi a hannu. Brad Keselowski ya zama zakaran 2012 a cikin Dodge, amma ƙungiyarsa ta Penske ta riga ta sanar da komawa Ford, kamfanin bai samu babbar ƙungiyar da za ta maye gurbinta ba, sai ya janye. Daga 2013 kamfanoni uku suka rage a babbar gasar: Chevrolet da Ford da Toyota.

A 2022 aka fito da sabuwar motar da ake kira Next Gen. Shasi da giya da birki da ƙafafu duk daga masu ƙera kaya guda ake sayensu, kowace ƙungiya iri ɗaya. Abin da ya rage wa kamfani shi ne siffar bodi da inji, wanda aka ƙayyade wa ƙarfin doki 670 a yawancin filaye a wannan shekara. Ford na da FR9 da Roush Yates ke haɗawa, Chevrolet na da R07. Hatta sunan da ke goshin motar ya fara zama tarihi: Chevrolet ya daina ƙera Camaro a ƙarshen 2023, amma siffarta ta ci gaba da tsere.

A nan matsalar take. NASCAR ta daɗe tana neman kamfani na huɗu, domin kamfanoni ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na kuɗin bincike da na ƙungiyoyi, kuma in ɗaya daga cikin ukun ya janye, gasar za ta girgiza. Sai dai duk mai son shigowa dole ya kashe maƙudan kuɗi wajen ƙera injin da ba zai sayar wa kowa ba, a daidai lokacin da kasuwa ke karkata ga motocin da ke haɗa fetur da batir. A 2024 hukumar ta nuna samfurin motar tsere mai lantarki a Chicago, amma ba ta sa ta a gasa ba. Ta san cewa rugugin injin mai silinda takwas na cikin abin da ke cika filayenta da jama'a.

Saboda haka injin da ke riƙe da tsofaffin masoya shi ne kuma ke tsare ƙofa ga sababbin kamfanoni. Wanne za a zaɓa, da kuma yaushe, shi ne babban hukuncin da ke gaban iyalan France, waɗanda har yanzu su ke da NASCAR.