Kakanninmu Da Suka Je Yaƙin Bama

Uwargida, ko akwai tsohon da ake ce wa "Ɗan Bama" a danginku? Ni wata dattijuwa daga wajen Maiyama ce ta tuna mini da su. Ina auna mata hawan jini, sai ga jikanta ya shigo da kakin soja. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗiyata, haka babana ya dawo daga Bama. Jiki lahiya lau, amma in dare ya yi shina tashi shina kuwwa."

Lokacin yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, babu jihar Kebbi. Jega da Aliero da Maiyama duk suna ƙasar Gwandu cikin Lardin Sakkwato, zamanin Sarki Yahaya. Turawan Ingila suka nemi sarakunan Arewa su ba su samari. Wasu sun shiga don kansu, saboda albashi da kaki, wasu kuwa hakimi ne ya nuna su, ba damar musu. A takarda dai duka 'yan sa-kai ne.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dazukan Bama, inda suka fuskanci sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Ki duba abin: yaron da bai taɓa wuce kasuwar Jega ba, ga shi cikin kurmin da mota ba ta shiga, kaya a ka, abinci sai jirgin sama ya jefo. Da Hausa ake ba su umarni. A Janairun 1945 suka ƙwace garin Myohaung, shi ya sa akwai bariki mai wannan suna a Legas. Barikin Kalapanzin na Kaduna ma sunan can ne.

Indiyawa fiye da miliyan biyu sun yi wa Ingila wannan yaƙi. Wasu 'yan dubbai kuma, galibi fursunonin yaƙi, suka bi Subhas Chandra Bose suka sa kakin Jamus, da fatan korar Ingila daga ƙasarsu. Kowa dai tutar wani ya ɗauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni ma'aikaciyar jinya, shi ne dawowar. Zazzaɓin cizon sauro da atini an ba su magani tun a can. Karaya kuwa, masu ɗorin Aliero sun ishe ta. Amma firgitar dare, saurin fushi, zabura in an buga ƙofa, sai aka ce iska ce ko sammu. Matansu ne suka sha wahalar, shiru.

Yau mun san wannan ciwo ne na wanda ya ga tashin hankali, kuma yana jin magani. Idan mijinki ko ɗanki ya dawo daga Borno ko Zamfara, aka wuce wata guda barci ya ƙi, ya daina hira, ki lallaɓa shi ku ga likita. Ki ci gaba da addu'a, amma ku je.

Na tambayi dattijuwar ko mahaifin nata ya bar wani abu. Ta ce wata lamba ce mai siffar tauraro, tana nan ƙasan akwatinta, cikin gwangwanin allura da zare.