Wanda Ya Duba Littafi Bai Saya Ba, Shi Ma Ya Bar Saƙo

Sanin kowa ne cewa ba duk wanda ya shiga kantin littattafai ke fitowa da littafi ba. Wani sai ya ɗauka, ya buɗe, ya jujjuya, ya mayar, ya yi gaba. Masu kanti da dama sukan ɗauki irin wannan mutum a matsayin mai ɓata musu lokaci, har su ɗaure masa fuska. To, a nan kuskuren yake.

Littafin lissafin ciniki yana nuna abin da aka saya ne kawai, ba ya nuna abin da aka so aka rasa. Wannan sai mai lura. Wanda ya karanta shafin farko ya ajiye, littafin ne bai kama shi ba. Wanda kuwa ya daɗe yana karantawa, sai da ya ji kuɗin sannan ya ajiye, aljihu ne ya gaza. Littafin da bangonsa ya yi dauɗa a kan kanta, hannu ne ya yawaita a kansa, ya cancanci a fito da shi gaba. Mai tambayar littafin da babu kuwa, ya kamata a rubuta abin da ya nema, domin shi ne jagoran sari na gaba.

Abin da ya faru a Kano ya isa misali. Daga wajen 1984 marubuta suka shiga buga littattafan soyayya da kuɗinsu, ba tare da jiran manyan kamfanoni irin su NNPC ta Zariya ba. Sukan raba labari kashi biyu ko uku. Idan na ɗaya ya fito, yawan masu zuwa tambayar na biyu shi ke gaya wa ɗan kasuwa ko labarin ya karɓu, cinikin na ɗayan kuma shi ke biyan kuɗin buga na biyun.

Saboda haka, ya kai mai kanti, ka bar baƙonka ya duba a tsanake, kada ka tsaya masa a ka. Jarin da ya kwanta a littattafan da ba mai nema, ƙura da gara ne ke cin ribarsa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.