Ranar da ƙirgar na'ura za ta cika

Ya kai mai karatu, ka taɓa cire batirin tsohuwar salula, ka mayar, sai ka ga kwanan wata ya rikice? To, bari mu ga yadda na'ura ke sanin lokaci.

Mu nan Hawandawaki muna duban wata, muna lissafi da damina da kaka. Ita na'ura ba ta ganin wata. Ƙirga kawai take yi. Kwamfutoci da saluloli da yawa suna ƙirga sakan ɗaya bayan ɗaya, tun daga ranar 1 ga Janairu 1970. Sakan 60 ne minti ɗaya. Kwana ɗaya kuwa sakan 86,400 ne. Ana ce wa wannan lissafi lokacin Unix. A shekarar 2001 ya kai miliyan dubu. Idan ma'aikaci ya rubuta wa kwamfuta umurni, sai ta juya doguwar lambar nan ta zama rana da wata da shekara.

Amma akwai matsala. Dubi babur ɗin ɗan kabu-kabu. Akwai ƴar taga mai ƙirga kilomita. In gurbinta biyar ne, ta kai 99999, daga nan sai ta koma 00000. Ba wurin ƙara wata lamba.

Haka tsofaffin na'urori suke. Iyakar ƙirgarsu ita ce 2,147,483,647. Za su kai nan ranar Talata, 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 na asuba, agogon Nijar. Da an ƙara sakan ɗaya, sai lissafi ya kife. Na'ura ta ce yau 13 ga Disamba 1901, wato shekara 59 kafin Nijar ta samu mulkin kai!

Kada ka ce ina ruwanka. In ɗanka ya aiko maka kuɗi daga Maraɗi ko Kano, saƙon yana ɗauke da kwanan wata. Haka takardar bashi, haka takardar asibiti. In rana ta rikice, wa ya biya, wa bai biya ba? Nan gardama ke tashi.

Masana ba su jira ba. Sun faɗaɗa gurbin, kamar mai gina sabon rumbu tun gero bai nuna ba. Sabon gurbin zai ɗauki shekaru fiye da miliyan dubu 290. Yawancin sababbin na'urori da shi suke aiki. Saura tsofaffi, su ake ta gyara.

Kai ma da naka aiki. Yanzu ka iya karatu. Duk takardar da aka ba ka, duba rana da wata da shekara kafin ka sa hannu. In ka ga kuskure, yi magana nan take.

Tambayoyi

1. Daga wace shekara na'ura ta soma ƙirga?
2. Sakan nawa ne a kwana biyu?
3. Rubuta kwanan watan yau a littafinka.