Tsoffin gidajen Birtaniya: santimita nawa ne bango zai iya ɗauka?

A Birtaniya akwai gidaje kusan miliyan 8.5 da bangonsu jan bulo ne ko dutse tun daga waje har ciki, babu rata a tsakiya. Yawancinsu an gina su ne kafin shekarun 1920. Kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai aka yi wa shimfiɗar tare ɗumi, alhali wajen sulusin ɗumin da irin wannan gida ke asara ta bango yake fita.

Sai dai aikin da aka yi ma akwai abin dubawa. A watan Oktoban 2025, Ofishin Binciken Kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto kan gidajen da aka yi wa aiki a ƙarƙashin shirye-shiryen gwamnati biyu, ciki har da ECO4. Kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka lulluɓe ta waje, gidaje 22,000 zuwa 23,000, suna buƙatar gyara domin kada danshi da funfuna su kama su. A waɗanda aka yi wa ta ciki, kashi 29 ne. Da yawa daga cikin masu gidajen nan masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda aka ce za a rage wa kuɗin gas.

Ga yadda danshin ke samuwa. Iskar ɗaki mai zafin digiri 20, mai laima kashi 60, tana fara zubar da raɓa da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya kai digiri 12. Idan aka shimfiɗa abin tare ɗumi ta ciki, bulon da ke bayansa ya daina samun ɗumin ɗaki, ya yi sanyi, ya kasa bushewa. Tururin girki da na wanka ya ratsa ya kwanta a can, inda ido ba ya gani, kuma kawunan katakon daɓe da ke cikin bangon su fara ruɓewa. Duk wanda ya ga yaɓen siminti yana ɓamɓarewa daga ginin ƙasa bayan damina ya san abin da ke faruwa idan aka hana bango numfashi.

Lissafin kauri ne ya fi jan hankalina. Bangon bulo mai santimita 22 yana zubar da kusan wat 1.7 a kowace murabba'in mita, kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. A ƙara masa allon zaren itace mai santimita 6 ta ciki, adadin ya sauka zuwa kusan 0.48, wato an tare fiye da kashi 70 na asarar. A ninka kaurin zuwa santimita 12, ya koma 0.28. Santimita shidan farko sun rage 1.2, na biyun 0.2 kacal, kuma su ne ke ƙara jefa bulon cikin sanyi. Ƙa'idar gini ta Ingila tana neman 0.30, amma ta bar ƙofa ga tsoffin gine-ginen da ke buƙatar fitar da danshi. A ganina mai irin wannan gida ya tsaya a matsakaicin kauri, ya zaɓi kayan da tururi ke iya ratsawa, ya shafe da farar ƙasa maimakon siminti.

Kafin duk wannan, sai an gyara indararo da tsagar bango, an bar bulon ya bushe, an kuma sa fankar zuƙe tururi a kicin da banɗaki.