Tseren Ƙananan Motocin Lantarki: Ki Duba Cikin Motar Kafin Ki Miƙa wa Yaro

Uwargida, in wani ɗan'uwa ya dawo daga Turai da tsarabar wani babban kwali mai hoton motocin tsere da baƙin titin roba, kada ki ɗauka irin motar batir ce da yara ke karyawa cikin kwana biyu. Yayana ya kawo wa ɗana mai shekara tara irinta, yau wata bakwai ke nan tana shimfiɗe a falo duk ranar Asabar.

Titin guntu-guntu ne ake harhaɗawa. Kowane layi yana da tsagi a tsakiya, da siraran ƙarafa biyu a gefensa masu ɗauke da wuta mai rauni, wadda ba ta cika wuce bolt 18 ba. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshen roba da ke shiga tsagin, da gashin waya biyu da ke goga ƙarafan suna kai wa injin wuta. Babu sitiyari. Yaro yana riƙe da wani abu mai kunama irin ta bindiga: ya matsa ta gudu, ya saki ta lafa.

Wasan ya tsufa. Kamfanin Lionel na Amurka ya sayar da irinsa tun 1912, amma Scalextric, wanda Fred Francis ya fito da shi a Ingila a 1957, shi ya shigar da shi gidaje. Carrera na Jamus ya biyo baya a 1963. Har yau a ƙasashen nan akwai ƙungiyoyin magidanta masu furfura da ke haɗuwa su yi gasa da motar da ba ta fi tafin hannu ba. In kin ga 1:32 a jikin kwali, ana nufin motar gaske ta ninka ta sau 32 a tsawo.

Ranar farko ɗana ya danne kunamar har ƙarshe. Kowace kwana sai motar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin kujera, shi kuma ya yi ta huci. Ban ce masa komai ba. Kafin la'asar ya gano da kansa cewa sai ya sassauta kafin kwana, sannan ya matsa bayan ya fita. Yaron da na sha fama da shi a kan gaggawa, ga shi yana ƙirga numfashi saboda mota.

Gyaran ya fi tseren burge ni. Motar ta fara sulɓi? Ƙura ce a taya, sai a mirgina ta a kan salatif. Tana tsayawa tana tashi? Gashin wayar ne ya kwanta ko ya yi datti, a baje shi a goge ƙarafan titin da busasshen ƙyalle. Ƙwararru har samfefa suke sa wa tayoyin baya don su zauna daidai. Yanzu in motar ta ƙi, ba ya kirana, kifa ta yake ya duba. Sai na tuna yayyena da motocinsu na kara da gwangwani.

To, ga inda aikina na jinya ya sa na tsaya. A cikin yawancin motocin nan akwai ɗan maganaɗisu mai ƙarfi da ke manne su da titi. Masu gyara sukan cire shi, ko su ƙara wani, ko su liƙa dalma don nauyi. Ƙarami ne, ya isa bakin mai rarrafe. In yaro ya haɗiye biyu, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, suna iya jawo juna daga sassa biyu na hanji, su matse naman da ke tsakani, jini ya daina zuwa, wurin ya huje. Abin tsoron shi ne da farko yaron zai iya ci gaba da wasansa lafiya lau, ciwon ciki da amai su zo daga baya. Ko zato kika yi, kada ki jira ya fita a bayan gida, kada ki sa shi amai. Ki kai shi asibiti nan take, ki faɗa musu ƙarara cewa maganaɗisu ne, a yi hoton ciki. Wani lokaci sai da tiyata.

A gidanmu an sa doka: ba a kwance mota sai a kan tebur, cikin faranti, ina nan, ƙanwarsa mai shekara biyu kuma tana barci ko tana goye. Dalma kuwa na hana ta gaba ɗaya, guba ce ga ƙwaƙwalwar yara.

Ki kuma karanta jikin taransifomar kafin ki jona. Na Ingila ya dace da wutarmu da soket ɗinmu. Na Amurka yawanci bolt 120 yake ɗauka, in kika jona shi kai tsaye zai ƙone.