Waƙar da ba ta yankewa a hanya

Daga Yamai zuwa Damagaram tafiya ce ta wajen kilomita 900. Mota takan tashi da asuba, ba ta isa sai dare. Da an fita gari, direba yakan kunna rediyo. Ga ganga, ga gurmi, matafiya suna ta kaɗa kai. Amma tun kafin a kai Doso sai waƙar ta fara sarƙewa, shuuu, shuuu, can sai ta ɓace. Direba ya murɗa nan, ya murɗa can, shiru. Rediyon bai lalace ba. Motar ce ta yi nisa da gidan rediyo.

Ga dalili. Tashar FM tana watsa shirinta daga kan wani dogon ƙarfe da ake kira eriya. Saƙon yana tafiya a miƙe kamar hasken tocila, ba ya lanƙwasa. Ita kuwa duniya dunƙulalliya ce kamar lemu. In mota ta yi nisa, sai doron ƙasa ya shiga tsakaninta da eriyar, kamar yadda tudu yake ɓoye wa matafiyi garinsu. Iyakar tsawon eriya, iyakar nisan da za a ji ta. To, yara, in aka rataye eriyar can sama, nesa da gajimare fa?

Abin da aka yi ke nan a Amurka. Ƙasa ce mai faɗin gaske. Daga birnin New York a gabas zuwa Los Angeles a yamma, hanya ta kai wajen kilomita 4,500, wato tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau biyar. Direbobin manyan motocin kaya sukan yi kwana da kwanaki a kanta, sau da yawa ba abokin hira. A shekarar 2001 wani kamfani mai suna XM ya fara watsa waƙoƙi ta tauraron ɗan'adam. A 2002 wani mai suna Sirius ya bi sahu. A 2008 suka haɗe, suka zama SiriusXM.

Tauraron ɗan'adam ba irin taurarin da ake gani da dare ba ne. Na'ura ce da mutane suka ƙera, suka harba sama da roka. Irin wanda ke wannan aiki yana can nisan kilomita kusan 36,000. Yana zagaya duniya sau ɗaya a yini da kwana, daidai da juyawar duniyar, shi ya sa kullum yana wuri guda a sama. Daga gidan rediyo ake aika masa waƙa, shi kuma ya maido ta bisa ƙasar baki ɗaya, kamar yadda ranar tsaka take haska kowane gida. A kan rufin mota akwai ƴar eriya da ba ta kai tafin hannu ba, ita ke karɓa. Zuwa da dawowa kilomita 72,000 ne, amma saƙon yana gama su kafin ƙiftawar ido.

Nan daɗin yake. Direba ya zaɓi tasharsa da safe, ya ratsa daji, ya ratsa hamada, ya hau duwatsu, har dare tana nan ba ta yanke ba. Tashoshin sun fi 100. Wata tsofaffin waƙoƙi kawai take sawa, wata na yara, wata wasan ƙwallo, wata ma ta direbobin motocin kaya ce, suna bugo waya suna ba juna labarin hanya. A tsakar dare, a kan miƙaƙƙiyar hanya, mutum ya ji waƙar da mahaifiyarsa take so, ya kama rerawa shi kaɗai, sai tafiya ta yi sauƙi. Sai dai waƙa ba ta maganin gajiya. Barci ɓarawo ne. Direba mai hankali, in idonsa ya yi nauyi, yakan tsaya ya huta.

Wannan rediyo yana da nasa cikas. In mota ta shiga ƙarƙashin dutse, ko tsakanin dogayen benaye, saƙon yakan tsinke, don haka a manyan birane an kafa eriyoyi a ƙasa masu taimakawa. Kuma ba kyauta ba ne, kowane wata sai an biya.

Afirka ma ta taɓa samun nata. Wani mutum haifaffen Habasha, Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba masa tauraron AfriStar a 1998. Amma akwatin rediyon yana da tsada, masu saye ba su yi yawa ba, a 2008 kamfanin ya karye.

Shi kuwa direban Damagaram yana da dabararsa. A da kaset yake sawa, yanzu ɗan katin waya cike da waƙoƙi. In an kusa Maraɗi sai ya sake murɗa rediyo. Shuuu, shuuu, sai ga murya ta fito ras, tana gaida masu sauraro. Matafiya su gyara zama, sun san gari ya kusa.